Injin Wanki da Wutar Lantarki: A Ina Ya Kamata Soket Ya Zauna?

   

Yau maganar wuta za mu yi, wato wutar lantarki, da yadda ya kamata a jona mata injin wanki da dutsen guga a cikin gida. Na san wata za ta ce, to wannan ai maganar maza ce, mene ne namu a ciki? Namu ne kuwa, domin maigida shi ne dai yake biyan kuɗin wayarin, amma ke ce kike tsayawa a gaban injin da jiƙaƙƙen hannu, ko 'yarki, ko yarinyar da take taya ki aiki. In abu ya ɓaci, a jikin ɗayanku zai ɓaci.

Da can injin wanki sai gidan wane da wane. Yanzu kuwa ya shiga cikin kayan ɗaki, uba yana saya wa 'yarsa kamar yadda yake sayen gado da kujeru da firji. Ranar jere sai dangi su zo, a kafa gado, a jera kwanuka, injin kuma a waiga a ga inda yake da ɗan fili a tura shi, ko lungun banɗaki, ko bakin famfo a tsakar gida. Ba wadda take tambayar ina soket yake. In an tashi wankin farko aka ga wayar ba ta kai ba, sai a aiki yaro ya sayo ekstenshan, shi ke nan an gama magana. Da yawa daga gidajen Gyadi-Gyadi da cikin Tarauni da Unguwa Uku da Daurawa an gina su ne tun zamanin NEPA, lokacin da abin da ake jonawa a ɗaki bai wuce rediyo da fanka da talabijin ba. Soket ɗaya ne a ɗaki, can ƙasa kusa da daɓe. Banɗaki kuwa ƙwai ɗaya ne kawai a sama. Wanda ya yi wayarin ɗin bai taɓa tunanin wata rana za a kawo injin da yake shan ruwa da wuta a lokaci guda ba.

Wata baiwar Allah daga Gyadi-Gyadi ta aiko mana da saƙo, ta ce injinta yana ɗan jan ta duk sa'ad da ta sa hannu za ta kwashe kaya, amma in ta sa silifas ɗin roba sai ya daina, shin akwai damuwa? 'Yar'uwa, akwai damuwa babba. Silifas bai gyara komai ba, ya dai tare hanyar ne na ɗan lokaci. Ranar da silifas ɗin ya jiƙe, ko ɗanki ya zo ba takalmi ya dafa, wutar tana nan tana jira. Ki zare injin nan daga soket, kada ki sake kunna shi sai mai gyara ya duba.

Bari mu ga dalili. Wutar da take shigowa gidajenmu a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Fatar ɗan Adam in tana bushe tana tare wuta sosai, shi ya sa wani lokaci mutum zai taɓa waya ya ji zirr kawai ya fizge hannu. Amma in fata ta jiƙe, musamman da ruwan sabulu ko omo, wannan kariyar sai ta faɗi ƙasa warwas. Ana auna yawan wutar da take bi ta jiki da amfiya, kuma abin da yake kashe mutum bai kai ko amfiya ɗaya ba. In aka raba amfiya gida 1,000, kashi 1 kawai mutum zai ji shi a jikinsa. Wajen kashi 10 zuwa 15, tsokar hannu takan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, abin nan da muke cewa wuta ta riƙe shi. Daga kashi 50 zuwa sama kuwa zuciya ce take rikicewa, ta daina bugawa daidai. Macen da take tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunta cikin ruwa, wutar da za ta bi ta jikinta tana iya haura kashi 200. Ki kwatanta da ƙwai mai wat 60 irin na da, wanda shi ma abin da yake ja ke nan, kusan kashi 260. Wato wutar da ba ta fi ta kunna ƙwai ɗaya ba ta isa ta raba uwa da 'ya'yanta.

To, shin akwai doka a kan wannan? Akwai. A 2005 aka sauya wa NEPA suna zuwa PHCN, aka kuma kafa hukumar NERC mai tsara harkar lantarki. A watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. A 2015 NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da yin wayarin, a shekarar ne kuma aka yi dokar hukumar NEMSA, wadda aikinta ne duba wayarin, gwada shi, da ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa. Ita kuma hukumar SON ita take kula da ingancin waya da soket da ake sayarwa a kasuwa. Abin da za ki riƙe shi ne, aikin KEDCO ya tsaya a mita. Duk abin da yake daga mita zuwa cikin ɗakinki nauyin mai gidan ne, kuma a ƙa'ida wanda yake da takardar shaida ne ya kamata ya yi shi, a gwada kafin a ba shi wuta. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, gida nawa ne a layinku aka taɓa zuwa aka gwada? Mafi yawa yaron maƙwabta ne da ya yi wata shida a wurin maigidansa, ya zo da filaya da salatif ya haɗa.

Tsarin wayarin ɗinmu daga Ingila muka gaje shi, shi ya sa soket ɗinmu mai baki uku yake iri ɗaya da nasu. Littafin ƙa'idarsu tun 1882 aka fara fitar da shi, ana ta sabunta shi, bugu na 18 ya fito a 2018. A can ba a yarda a sa soket kusa da wurin wanka ba. Da ƙa'idar mita 3 ce tsakani, a 2022 aka mayar da ita mita 2 da rabi. Yanzu ki auna banɗakinki da ido. Yawancin banɗakunanmu gaba ɗayansu ba su kai faɗin haka ba, ma'ana babu inda soket zai zauna a ciki ke nan. A Amurka kuma ƙa'idarsu ta ce wurin wanki sai an ja masa layinsa na musamman mai amfiya 20, kuma soket kada ya yi nisa da injin fiye da ƙafa 6, kusan mita 2, don kada a buƙaci ƙarin waya. Tun 2014 suka wajabta sa na'urar da take yanke wuta in ta fara zurarewa a duk wurin wanki. Ƙasashen sun bambanta, amma hankalin ɗaya ne: soket ya yi nesa da ruwa, ya yi kusa da inji.

Saboda haka in za ki zaɓa wa injinki mazauni, fara da fitar da shi daga banɗakin da ake wanka a ciki. Na san abin da yake ja mu can, ga famfo ga rariya. Amma baranda mai rufi, ko lungun kicin, ko sito da aka fitar wa da bututun ruwa, duk sun fi. In kuwa gidan ya matse, ba yadda za a yi sai banɗakin, to soket ɗin ya zauna a waje, ta bayan bango, inda feshin ruwa da tururi ba sa kaiwa, kuma kada wani ya yi wanka injin yana jone.

Sai tsayi. Injin wanki mai ƙofa a gaba tsayinsa wajen santimita 85 ne. A ɗaga soket ya haura shi, kamar mita 1 da santimita 20 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin babbar mace. Amfanin haka uku ne: ruwan da ya malala a ƙasa ba zai kai gare shi ba, mai rarrafe ba zai kai ba, ke kuma za ki iya kashewa ba tare da kin sunkuya kin zura hannu bayan inji ba. Wannan na ƙarshen mutane ba su cika kula da shi ba. Sai ki ga an ɓoye soket a bayan inji don kwalliya, wai kada waya ta ɓata tayil. Ranar da hayaƙi ya tashi, ta ina za ki kashe? Ya zauna a gefe, inda ido yake gani, hannu yake kaiwa, kuma mai makunni a jikinsa.

Kada ya zauna ƙarƙashin famfo, ko ƙarƙashin bututun da yake kawo ruwa daga tanki, ko daidai inda tiyon injin yake zubar da ruwa. Ƙwararru a Ingila suna ba da shawarar a bar aƙalla santimita 30 tsakanin soket da bakin wurin wanke-wanke. Ni dai a namu yanayin, inda da bokiti muke juye ruwan 'yan garuwa a cikin inji yana fantsama ko'ina, zan ce a ninka haka. Sannan a tuna wayar injin ba ta cika wuce mita 1 da rabi ba, don haka a auna kafin a fasa bango, wayar ta kai a sake, ba a ɗame ba.

Masu ajiye inji a tsakar gida, ku ne kuka fi yawa, kuma ku ne damina take yi wa barazana. Soket irin na cikin ɗaki ba a yi shi don ruwan Agusta ba, haka ƙurar hunturu tana cika shi. Akwai mai murfi da roba a bakinsa wanda aka yi don waje, ana samunsa wurin masu kayan wuta a Sabon Gari. Ki ce a sa miki shi, a ƙarƙashin rumfa, wayar kuma a bi da ita cikin bututun roba a jikin bango, ba a rataye a ƙusa tare da igiyar shanya ba. Shi kansa injin a ɗora shi a kan ɗan dandamali na siminti, ko da tsayin bulo ɗaya ne, domin motar injin mai tukunya biyu a ƙasa take, ruwa na taruwa a tsakar gida ita yake fara samu.

Mu dawo kan ekstenshan, don shi ne babban abokin gabarmu. Duk takardar da take zuwa da injin wanki, in kin buɗe za ki ga an hana amfani da shi. Ga lissafin. Soket ɗinmu mai baki uku amfiya 13 yake ɗauka, wato wat 3,000 ba kaɗan. Injin wanki mai tukunya biyu, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, ba ya cin wuta sosai, wat 300 zuwa 500 ne. Amma mai ƙofa a gaba, wanda yake dafa ruwa da kansa, yana kaiwa wat 2,000 ko fiye. Dutsen guga daga 1,000 zuwa sama da 2,000. Injin busar da kaya, ga mai shi, 2,000 zuwa 3,000. To ranar Asabar ce, an kawo wuta, kowa yana sauri kafin a ɗauke. Inji yana wanki, ke kina gugar kayan makaranta, duk a kan ekstenshan ɗaya. Wat 4,000 ke nan, sama da amfiya 17, a kan abin da ko mai kyau ne 13 aka yi shi ya ɗauka. Balle mai arahar nan da in kin yanka wayarsa za ki ga silin jan ƙarfe bai fi gashin kai ba, wanda ko amfiya 5 da ƙyar. Waya sai ta yi zafi, roba ta narke, in an yi sa'a a ji ƙauri a kashe, in ba a yi ba labule ya kama. Kuma shi ekstenshan a ƙasa yake kwanciya, inda ruwan wanki yake bi. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya dace shi ne inji ya samu soket nasa shi kaɗai, da wayarsa tun daga akwatin rarraba wuta na gidan, da bireka tasa. Kaurin wayar kada ya gaza murabba'in milimita 2.5, wadda masu aikin suke kira tu-foyin-fayif. Mai 1.5 ta ƙwai ce da fanka, kada a yaudare ki da ita. Injin busarwa ko hita ta ruwan wanka, mai 4 ake ja musu. A sayi waya ta jan ƙarfe zalla mai tambarin SON, domin akwai ta jabu wadda ciki farin ƙarfe ne aka shafa masa ja a sama. In kin kankare da wuƙa kika ga fari, a mayar. Wurin guga shi ma a ba shi soket nasa daidai tsayin teburin, don kada waya ta riƙa ja a ƙasa yaro ya fizgo dutse mai zafi a kansa. Duk soket ɗin da kika ga bakinsa ya yi baƙi, ko fulogi yana rawa a ciki, ko kika taɓa kika ji ɗumi, ya gama aiki, a canza shi.

Yanzu sai babbar magana, wadda ita ce amsar 'yar'uwarmu mai silifas. Wayoyi uku ne suke shiga soket. A bango za ki ga ja da baƙa da koriya, a jikin wayar inji kuma ruwan ƙasa da shuɗiya da mai ratsin kore da rawaya. Ta farko ita take kawo wuta, ta biyu ita take mayar da ita. Ta ukun, wadda take shiga dogon bakin nan na sama, ita ce wayar ƙasa, masu gyara suna ce mata as. Ba ta aikin komai sai ranar da matsala ta faru. In ruwa ya shiga mota, ko ɓera ya ci waya ta taɓa jikin inji, wutar da ta zurare tana neman hanyar shiga ƙasa kamar yadda ruwa yake neman gangare. In akwai as, sai ta bi ta nan zuwa wani sandan jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa a jikin gidan. In babu, sai ta zauna a jikin inji tana jiran wanda zai taɓa, shi ya zama hanyar.

Abin takaici, gidaje da yawa soket ɗin baki uku ne a ido, amma in an kwance waya biyu ce a ciki, an yi tsimin ta ukun. Wasu kuma an ja wayar amma ba a kafa sandan ba, ko an kafa ya ruɓe shekaru da suka wuce. Sandan ya kamata ya shiga ƙasa aƙalla ƙafa 4, in ya fi haka ya fi kyau, a wuri mai danshi. Ƙasar Kano takan bushe ƙamas daga hunturu zuwa bazara, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau, shi ya sa masu aikin suke zuba gawayi da gishiri a ramin. Gishirin yana taimakawa, amma yana cin ƙarfe, don haka ba abin da za a binne a manta ba ne, a riƙa dubawa.

Wata za ta ce nawa injin jikinsa roba ne, ba ruwana. Roba ce a waje, amma ƙarfen da yake juya kaya daga mota ya fito, ruwan kuma yana taɓa shi. Irin waɗannan injina wasu sukan zo da fulogi mai baki biyu, da wata 'yar waya mai kore da rawaya tana reto a baya. Wannan 'yar wayar ita ce as ɗin. Na sha ganin an naɗe ta an ɗaure, ko an yanke don tana damun mutane, ko an ɗaura ta a kan famfo. Famfunanmu na yanzu bututun roba ne, ba sa kai wuta ƙasa, in ma na ƙarfe ne kin mayar da famfon abin tsoro ga duk mai alwala. A kira mai gyara ya haɗa ta inda ya dace.

As kaɗai ma bai wadatar ba, ga dalili. Bireka ta yau da kullum, mai amfiya 20, waya take karewa daga ƙonewa, ba ta faɗuwa sai wuta ta haura ashirin ɗin. Mun kuwa ji cewa abin da yake kisa bai kai amfiya ɗaya ba. Ko da sandan ƙasa, in ƙasar ta bushe, wutar da za ta bi ta cikinsa tana iya tsayawa a amfiya 4 ko 5, bireka ba za ta motsa ba, jikin inji kuma yana ɗauke da wuta. Maganin wannan wata na'ura ce da ake kira RCD, wasu masu kaya suna ce mata ELCB. Ita lissafi take yi: abin da ya fita ta jar waya, shi ne ya dawo ta baƙa? In ta ga an samu giɓin kashi 30 cikin 1,000 na amfiya, ta san wuta ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ki tabbata mai lamba 30 aka sa miki, don akwai mai 100 da mai 300, waɗanda gobara suke karewa ba rai ba. Tana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinta, ki danna shi duk bayan wata uku zuwa shida, in ba ta faɗi ba ta lalace. In kuma ta riƙa faɗuwa duk sa'ad da aka kunna inji, ba fitina take yi ba, gaya miki take akwai zurara. Kada ki yarda a cire ta a haɗa kai tsaye, wanda shi ne abin da ragon mai gyara zai fara ba ki shawara.

Akwai kuma injinan da suke zuwa mana daga waje, na gwanjo ko na tsaraba. Na Ingila da na Dubai wutarsu da fuloginsu irin namu ne. Na Jamus da Faransa da Beljiyam ƙarfin wutar ɗaya ne, amma fulogin baki biyu ne masu zagaye, as ɗinsa ba a baki yake ba. In kika tura murfin biro a ramin sama kika cusa shi a soket ɗinmu, inji zai tashi, amma ba as. A yanke kan a sa mai baki uku, mai fis na amfiya 13. Na Amurka bolt 120 yake sha, in aka jona shi kai tsaye nan take zai ƙone, sai da taransifoma mai girman da zai ɗauke shi. Na Saudiyya kuwa, Hajiya, a duba takardar da take manne a bayansa kafin a biya kuɗin awo. Wutarsu bugu 60 take yi a daƙiƙa, tamu 50, in ba a rubuta 50 a jiki ba motar za ta riƙa yin zafi, ba za ta yi ƙarko ba.

Wuta mara ƙarfi ma tana kashe mota. In kin ga ƙwai ya yi ja, fanka tana juyi da ƙyar, ki haƙura da wankin, ko ki sa sitabilaiza wadda ta fi ƙarfin injin sosai, ita ma a ɗora ta a sama nesa da ruwa. In an ɗauke wuta ana cikin wanki, ki kashe soket, don wani lokaci takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙaramin janareta mai lamba 950 yana iya jan mai tukunya biyu in ba a haɗa masa komai ba, amma ba zai ɗauki dutsen guga ko inji mai dafa ruwa ba. Masu sola kuma su yi wanki da tsakar rana, da ruwan sanyi.

Na san mafi yawan masu saurarona a waɗannan unguwanni haya suke, kuma fasa bangon wani sai da izininsa. Ki sa maigida ya yi magana da mai gidan tun kafin a biya kuɗin shekara, lokacin ne kunnensa yake buɗe. In ya ƙi a fasa, ana iya bin saman bango da bututu, aikin yini ɗaya ne. Shi kuma maigida, ki same shi da lissafi, ba da ƙorafi ba: “Alhaji, kuɗin soket da waya da na'urar nan bai kai na injin ba, kuma su Ummi ne suke wankin.” In mai gyara ya zo, kada kunya ta hana ki tambaya ko daga bayan labule ne. “Malam, kana da takardar NEMSA? Waya mai nawa za ka sa? Gidan nan akwai as, kuma da me za ka gwada shi?” Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya fito da na'urar awo. Wanda ya ce miki “Hajiya, ba komai, haka kowa yake yi,” ki sallame shi da kuɗin mota.

Ki kuma zaunar da duk mai taɓa injin, har yarinyar aiki da almajirin gida, ki nuna musu: a sa takalmin roba busasshe, a goge hannu kafin a taɓa makunni, a zuba ruwa kafin a jona, a kashe a zare kafin a sa hannu cikin tukunya. Kowa ya san inda babban makunnin gidan yake, kada a jibga buhuna a gabansa.

In kuma tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, kika ga wuta ta riƙe wani, kada ki kama shi, ke ma za ta haɗa da ke. Ki ruga ki kashe babban makunni. In ya yi nisa, ki tsaya a busasshen wuri ki ture shi da busasshen itace, taɓarya ko muciya ko kujerar katako. Kada a watsa masa ruwa, kada a ɗura masa madara ko manja, wanda ba ya cikin hayyacinsa ɗura tana iya shaƙe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota ko ya kira 112. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi a duba zuciyarsa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kan titin Zariya, kusa da ku. In soket ne ya kama da wuta, a kashe makunni tukuna, a zuba yashi, ruwa sai an tabbatar an yanke wutar.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hitar nan da ake tsomawa a bokiti da tukunyar gas a kicin.